Lambun Furanni a Gefen Fadamar Rima: Abin da Na Gani Bayan Bazara Biyu

Na jinkirta rubuta wannan sharhi har sai da bazara biyu suka wuce tun zuwana na farko, domin a Sakkwato duk furen da bai sha zafin watan Afrilu ba tukuna, babu mai iya rantsuwa a kansa. Lambun da nake magana a kai yana gefen gari, ta hanyar da ke gangarawa fadamar kogin Rima, a ƙarƙashin wasu manyan itatuwan dogon yaro da suka haɗa kai suka yi masa rumfa. Wani dattijo ne mai shi, samari biyu kuma suna taya shi ban-ruwa da ciniki. Dashe 14 na saya a wurinsu cikin zuwa uku, 9 suna raye a tsakar gidana yau, kuma labarin 5 ɗin da suka mutu shi ne rabin abin da zan faɗa game da wurin.

Kafin a zargi mai lambu ko a yaba masa, ya kamata a tuna da irin ƙasar da yake sana'a a cikinta. Ruwan da ke sauka a Sakkwato a shekara bai cika wuce milimita 800 ba, kuma kusan dukkansa yana zuba ne tsakanin Yuni da Satumba, alhali Fatakwal tana samun fiye da milimita 2,000. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana yakan haura digiri 40, kafin nan kuma hunturu ya riga ya tsotse damshin iska har yakan faɗo ƙasa da kashi 20 cikin 100. Mutane da yawa idan suka ji an ce fure na ƙasashe masu zafi ne, sai su ɗauka zai ji daɗin garinmu, suna mantawa cewa zafin kurmi yana tafe da laima da inuwa, namu kuwa busasshe ne mai gasa ganye kamar an ɗora shi a kan tanda. Ni ma da wannan kuskuren na shiga lambun.

A ƙarshen Nuwamba na fara zuwa, da hantsi, kuma ba zan ɓoye ba, wurin ya burge ni. An share ƙasa an yayyafa mata ruwa, dashen suna jere cikin baƙaƙen ledoji, iskar da ke ƙarƙashin itatuwan tana da sanyi irin na bakin rijiya. A layin gaba, inda idon mai wucewa zai fara sauka, aka ajiye waɗanda suka fi kyau: anturiyam mai jan fure mai ƙyalli kamar an shafa masa mai, da helikoniya mai ganye irin na ayaba, da iksora mai dunƙulen jajayen furanni, da wardi da aka ce daga Jos aka kawo shi. Dattijon ba ya nan a ranar, sai ɗaya daga cikin samarin ya tarbe ni. Da na tambaye shi ko anturiyam zai jure yanayinmu, sai ya ce, "Alhaji, ai wannan ba ya mutuwa, ruwa kawai za ka riƙa ba shi safe da yamma." Na ɗauki anturiyam 2, helikoniya 1, wardi 1, iksora 2 da hibiskus 2, na koma gida ina jin na yi ciniki.

Ba a yi mako uku ba hunturu ya sauko da ƙarfinsa. Abin da na fara lura da shi a jikin anturiyam shi ne gefen ganyen ya soma yin ruwan ƙasa, siriri kamar an bi shi da garwashi, sannan ƙurar da ke kwanta masa kowace safiya ta dusashe ƙyallin nan da ya ja ni gare shi. Na ƙara ruwa kamar yadda aka umarce ni, ashe ƙarin ruwan ne zai ƙarasa shi, domin saiwarsa ba ta son zama cikin laka. Asalin wannan tsiro dazuzzukan Kolambiya da Ikwado ne a Kudancin Amurka, inda yakan maƙale a jikin itatuwa ko ya tsiro cikin ruɓaɓɓen ganye, saiwarsa tana shan iska mai laima. Ranar da na zare ɗaya daga ledarsa na tarar saiwar ta yi baƙi ta yi laushi, tana warin ruɓa, alhali ganyen da ke sama ya bushe ƙayau. Helikoniya ta ɗan fi daɗewa, amma iskar hunturu ta yayyaga faffaɗan ganyenta kamar tsumma, kuma ba ta kai watan Maris ba. Wardin ya yi fure sau ɗaya a cikin sanyi, ya mutu a farkon bazara, wanda ba abin mamaki ba ne ga tsiron da ya tashi a tudun Jos mai tsayin kimanin mita 1,200.

A watan Fabrairu na koma da ledar anturiyam ɗin a hannu, na yi sa'a na tarar da dattijon yana zaune kan buhu yana yankan reshe. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, ga amanar da yaranku suka ba ni." Ya karɓa ya juya ta, ya shinshina saiwar, sannan ya ce, "Malam, da ni ka tarar da ban sayar maka da wannan ba sai na tambaye ka inda za ka ajiye shi. Wannan na masu ɗakin sanyi ne da masu biki, kwana kaɗan suke buƙatarsa." Bai mayar mini da kuɗi ba, ni ma ban nema ba, amma ya yanko mini reshen kariya ya ba ni kyauta, ya kuma zaunar da ni kusan awa guda yana tambayata ina gabas take a gidana, wane irin ruwa nake sha, ko akwai awaki a unguwar.

Nan ne babban aibin lambun yake, kuma nan ne babban amfaninsa. Ilimin wurin gaba ɗaya yana cikin kan mutum ɗaya, wanda ba kullum yake zaune ba. Babu dashe ko ɗaya da aka liƙa wa suna, balle a rubuta ko na rana ne ko na inuwa, kuma samarin, duk da ladabinsu, burinsu kada baƙo ya fita hannu wofi. Na fahimci dalilin da ya sa ake kawo furannin kurmi, domin otal-otal da masu shirya biki suna sayensu da tsada, har kuɗin anturiyam ɗaya yakan sayi kariya uku. Sai dai a ganina bai dace a jera su a gaba ba tare da an faɗa wa mai saye gaskiyar lamarinsu ba, musamman da yake inuwar dogon yaro da danshin fadama suna sa su yi kyan da ba za su taɓa yi a tsakar gidan siminti ba.

Kariyar da Baba ya ba ni, da wasu 2 da na saya a ranar, su ne suka wanke lambun a idona. Wannan tsiro ɗan gida ne, domin a busassun yankunan Afirka da Larabawa yake fitowa da kansa, kuma kakanninmu sun daɗe da saninsa. Gindinsa kumburarre ne kamar tulu, a nan yake ajiye ruwa, shi ya sa lokacin da sauran tsirrai suke sunkuyar da kai, shi kuwa yakan zubar da ganye ya fito da furanni masu launin hoda a kan rassa tsirara. Baba yana da iri biyu: na gida, da wanda aka yi wa aure da irin ƙasar Tailan mai fure ninki-ninki, wanda ya fi tsada kuma bai kai na gida juriya ba a gwajin da na yi. Ya nuna mini bambancin wanda aka shuka daga ƙwaya, wanda shi ne ke yin ƙaton gindi, da wanda aka dasa daga reshe, wanda yake saurin fure amma gindinsa ba ya cika kumbura sosai. Ya ce in bar yankakken reshen a inuwa kwana biyar ko shida har bakin ya bushe kafin in soke shi cikin yashi, kuma kada in ba shi ruwa sai ƙasar ta bushe sarai. Ya kuma gargaɗe ni, ba tare da na tambaya ba, cewa kyan ɗan maciji ne da ita, domin ruwan jikinta dafi ne wanda mafarauta suka yi amfani da shi a bakin kibiya, don haka a nisanta ta da yara da dabbobi. Wannan gargaɗin ya ƙara masa daraja a wurina, domin mai neman kuɗi kawai ba zai ambaci abin da zai iya hana ciniki ba.

Bugambiliya kuwa ya hana ni saye a ranar, ya ce in bari sai ruwa ya sauka, domin saiwarta siririya ce mai saurin jin ciwo, kuma idan aka dasa ta cikin zafi ba ta cika kamawa ba. Na koma a watan Yuli na ɗauki 2, mai launin shunayya da fara. Asalinta daga Kudancin Amurka take, an kuma sa mata sunan wani jagoran jiragen ruwa na Faransa da ya zagaya duniya tsakanin 1766 da 1769. Abin da muke gani mai launi a jikinta ganye ne siriri kamar takarda, ainihin furen kuwa ɗan ƙarami ne fari a tsakiya, shi ya sa launin yake daɗewa rana ba ta kashe shi da wuri. Na yi mata gata da farko, ruwa kullum da takin kaji, sai ta yi ta fitar da ganye da ƙaya babu fure ko ɗaya. Da na kai ƙara, Baba ya yi dariya ya ce, "Malam, ka ƙosar da ita ne, ka bar ta ta ji ƙishirwa." Na mayar da ban-ruwan sau biyu a mako, kuma kafin hunturu ya ƙare ta lulluɓe katangar kudu har maƙwabta suna leƙowa.

Faranjifani, mai farin fure da ɗigon rawaya a tsakiya da ƙamshi da daddare, bai ba ni wahala ba ko kaɗan, sai dai ya zubar da ganyensa duka a lokacin sanyi har iyalina suka ɗauka ya mutu. Binka, 'yar asalin Madagaska, ta yi ta zubar da iri tana tsirowa da kanta a tsagar daɓe. Waɗannan biyun kowane lambu a gari yana da su, kuma na wannan wuri ba su fi na wani ba.

Inda aka sha fama shi ne hibiskus da iksora, waɗanda suke tsakanin masu juriya da masu raki. Hibiskus dangin yakuwa da rama da kuɓewa ne, duk wanda ya dubi furensa zai gane haka, amma ya fi su son ruwa nesa ba kusa ba. A watan Afrilu yakan ɗaura toho, sai tohon ya yi rawaya ya faɗo kafin ya buɗe, kuma ban ga fure na kirki ba sai da damina ta tsaya. Iksora kuwa, wadda asalinta kudancin Indiya da Sirilanka ne, ciwonta daban ne. Sababbin ganyenta suka riƙa fitowa fari-fari da rawaya, jijiyoyin ganyen kaɗai suka rage kore. Dalilin shi ne tana son ƙasa mai ɗan tsami, ruwan rijiyar burtsatsen gidana kuwa mai nauyi ne, irin wanda yake barin farin ɓawo a cikin butar shayi da bakin tukunya, abin da ba baƙo ba ne a yankin da ake haƙar dutsen siminti a Kalambaina. Idan ƙasa ta karkata wajen kanwa, sinadarin ƙarfen da ke cikinta yakan ɗaure, saiwar ta kasa jansa ko da yana nan. Na ƙara dagula lamarin da kaina da na zuba mata tokar murhu, kamar yadda muka saba yi wa kabewa, ban san toka tana ƙara wa ƙasa kanwa ba. Ɗaya ta mutu, ɗayar kuma ta farfaɗo ne bayan na fara tara mata ruwan sama a randa. A nan ilimin Baba ya tsaya, domin ya san ruwan sama yana gyara ta, amma lambun ba ya sayar da maganin ƙarfen da ake zuba wa irin waɗannan tsirrai, sai da na nemo shi a shagon kayan noma.

Ƙasar da suke cika ledojinsu da ita ma abar dubawa ce. Lakar fadama ce mai nauyi, wadda take riƙe ruwa a inuwar lambun, ta rage wa samarin wahalar ban-ruwa, amma da zarar ta sha rana a gida sai ta daskare ta tsattsage kamar bulo, ruwa ya riƙa bi ta gefe yana zurarewa ba tare da ya jiƙa saiwa ba. Baƙar ledar kuma tana ɗaukar zafi, har idan ka taɓa ta da azahar sai ka janye hannu. Duk wanda ya sayi dashe a nan, ya shirya sauya masa mazauni cikin 'yan kwanaki. Haɗin da Baba ya koya mini shi ne yashi, da ƙasar jigawa, da tsohon kashin awaki wanda ya shekara ya huce, da ɓuntun shinkafa, a ƙara yashi ga kariya, a ƙara taki ga hibiskus. Yana sayar da wannan haɗin a buhu idan an nema, kuma ya cancanci kuɗinsa, sai dai ban gane abin da ya hana shi reno a cikinsa tun farko ba.

Tukwanen ƙasar da yake sayarwa su ne abu mafi kyau a lambun bayan kariya. Na maginan gargajiya ne, ba a shafa musu fenti ba, an huda gindinsu, kuma suna tsatsafar da ruwa ta jiki kamar randa, wanda hakan ke sanyaya saiwa. Don hibiskus ya ba ni shawarar in sa tukunya cikin wata babbar tukunya, in cika tsakaninsu da yashi in riƙa jiƙa shi. Nan take na tuna da Muhammad Bah Abba, malamin nan na Jigawa wanda ya yaɗa irin wannan dabara don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Hikimar ɗaya ce, wato ruwan da ke ƙafewa daga jikin tukunyar waje yana tafiya da zafi, kuma busasshiyar iskarmu, wadda ita ce abokiyar gabar furen, a nan ita ce take yi masa aiki. Na gwada da hannuna a tsakiyar Afrilu: ƙasar tukunyar roba tana da ɗumi kamar ruwan wanka, ta cikin tukunya biyun kuwa tana da sanyi. Illar tukwanen ita ce gishirin ruwa yana taruwa a jikinsu ya yi fari, don haka sau ɗaya a wata nakan kwarara ruwa mai yawa har ya fita ta ƙasa ya wanke shi.

Game da inuwa, lambun yana sayar da koren ragar nan da ake yanka da mita, wadda aka ce tana tare rabin hasken rana. Na saya na ɗaura, ta yi aiki, amma iskar farkon damina ta yaga ta daga inda aka ɗaure, kuma a shekara ta biyu na koma ga zana da asabari, waɗanda suka fi araha kuma ana samun mai gyara su a kowace unguwa. Abin da ya fi ragar amfani shi ne tambayar da Baba ya yi mini game da gabas. Ranar safe ba ta cutar da hibiskus, wadda take kashe shi ita ce ta bayan azahar, tare da zafin da katangar siminti take tarawa ta riƙa fesowa har bayan isha'i. Matsar da tukwanen zuwa gindin katangar da ke tare musu yamma ya yi musu abin da raga ba ta yi ba.

Akwai wani ƙorafi da ba zan tsallake ba. Hibiskus ɗin da na saya a zuwan farko sun zo da wasu fararen ƙwari masu kama da ɓurɓushin auduga, maƙale a hammatar ganye, ban lura ba sai da suka bazu zuwa iksora. Na magance su da 'ya'yan dogon yaro da aka daka aka jiƙa kwana guda, aka tace aka sa ɗan sabulu, ana fesawa da yamma duk mako, amma an ɗauki fiye da wata guda kafin su ƙare. Mai lambu ya kamata ya ware dashen da ya kamu, mai saye kuma ya juya ganye ya duba bayansa kafin ya biya.

Farashinsu bai fi na masu jera furanni a bakin titunan cikin gari ba, ana kuma yin ciniki, kuma idan kayan sun yi yawa sukan samo babur mai ƙafa uku ya kai har gida a kan kuɗin mai saye. Sun naɗe rassan bugambiliya da tsohon buhu don kada iska ta kakkarya su a hanya, abin da na yaba. Wanda yake son zuwa, shawarata ita ce ya je daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli, lokacin da dashe zai sami watanni uku na laima ya kafa saiwa kafin hunturu, ya je da sassafe lokacin da dattijon yake nan, ya kuma wuce layin gaba ya nufi can baya wajen shinge, inda aka ajiye waɗanda suka saba da rana. Idan samarin kaɗai ya tarar, gara ya sayi tukwane da ƙasa ya dawo wata rana don dashen.

A makon da nake wannan rubutu, ƙarshen Mayu, hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma amma bai zubar ba tukuna. Reshen kariyar da aka ba ni kyauta ya kai tsayin gwiwa yana ɗauke da furanni 7, iksorar da ta rage tana nan da ganye rabi kore rabi rawaya tana jiran ruwan sama, randar da nake tara mata kuwa ta ƙafe tun watan Janairu. Na riga na gaya wa Baba ya ajiye mini dashen lalle 2 da za a kafa a bakin zaure idan ruwa ya sauka, domin ƙamshin furensa da magariba, kuma ya ce in zo da kaina ranar da yake nan.